Baƙina da Saƙonnin Gusau

Ba don yawo na gayyace su ba, ko da yake abin da na faɗa musu a waya ke nan. Likita ya riga ya gaya mini ƙarin da ke mahaifata ya wuce magani, sai an yi aiki an cire, har ya sa rana. Duk wanda ya taɓa kwanciya a asibiti a ƙasar nan ya san ba a kwanciya sai da mai jinya, wanda zai sayo magani, ya kawo ruwan zafi, ya riƙe ka zuwa bayi. Ni kuwa mijina ya rasu, yarana biyu duk maza ne, babban ma bai gama sakandare ba. Mahaifiyata tana Gusau da hawan jini, ko zazzaɓi na yi ɓoye mata ake yi. Na duba gabas na duba yamma, na ga ba ni da kowa sai ƙawayena biyu da muka yi makarantar kwana tare.

Irin wannan roƙo ba a yinsa ta waya. Cewa za ka yi mace ta bar mijinta da sana'arta ta zo ta kwana a kan tabarma kusa da gadonka, tana kwashe maka abin da ko kai ba ka son gani. Ina so in ga fuskokinsu lokacin da zan faɗa, in na ga nauyi a fuskar ɗaya in sauƙaƙa mata tun kafin ta buɗe baki. Sai na ce su zo su yi mini ƙarshen mako in zaga da su gari, tunda duk shekarun da na yi a unguwar Makera a Kaduna ba su taɓa kwana gidana ba sai lokacin rasuwa.

Na tsara komai a kaina. Daren Juma'a gwaten acca, maƙwabciyata mutuniyar Filato ta ce ita za ta dafa. Asabar da safe masa da miyar taushe a Nasarawa, daga nan gidan tarihi, sai lambun bakin kogi inda ake ajiye kadoji. Da yamma kuma gasasshen kifi a Barnawa, a wani wuri da na sani mai rumfuna nesa da juna. A can zan faɗa musu, mu uku, ba yaro ba baƙo. Sa'a guda kawai nake nema.

Da na isa tashar Kawo ranar Juma'a, muryar Hajiya na fara ji kafin in gan ta. Ita ce babbarmu, atamfa da leshi take sayarwa, kuma babu gidan da ba ta sani ba a Gusau. Malama tana tsaye a bayanta riƙe da jaka ɗaya, kamar yadda take tsayawa a bayanta tun muna aji ɗaya. Firamare take koyarwa, magana ba ta dame ta ba. Muka rungumi juna, na ji daɗi har idona ya kawo ruwa.

Sai na ga abin da ake saukewa daga saman mota. Buhunan bakko cike maƙil, galan na man shanu, kwali ɗaure da igiya, zabi biyu masu rai an ɗaure musu ƙafa, sannan turmi. Turmi sabo fil, da taɓaryarsa.

"Hajiya, tashi kuka yi daga Gusau gaba ɗaya?"

"Ke dai bari. Mutane suka ji za mu Kaduna. Wa za ki ce wa a'a?"

Na san wannan al'ada, cikinta aka haife ni. In aka ji za ka wani gari, duk mai ɗa ko 'ya a can sai ya ɗauro abinsa ya kawo maka, kuma ƙin karɓa abin faɗa ne har shekara. Ni ce dai na yi wautar zaton za a ɗaga mini ƙafa. Ina cikin cusa turmi a but, sai wata doguwar mata ta buɗe ƙofar gaba ta zauna. Hajiya ta ce ƙanwar maigidanta ce, ta zo sayen kayan ɗaki na 'yarta, a Tudun Wada za ta sauka. Muka buga wa mutanen Tudun Wada waya, aka ce matar gidan ta tafi biki Zariya. "Ai shi ke nan, sai mu kwana tare," in ji Hajiya, ba ta ko kalle ni ba.

Na san matar nan ta labari. Gidanta layi ɗaya ne da na mahaifiyata, kuma abin da ya shiga kunnenta da safe, kafin azahar ya gama unguwa. Kafin mu haye gada ta riga ta tambaye ni ko gidan da nake ciki namu ne ko haya, da dalilin da ya sa ban sake aure ba, da yadda nake iya zama a wancan ɓangaren na gari, ƙetaren kogi. Kogi ya cika ya yi ja saboda damina, na so in nuna musu, amma zabi suna ta kuka a baya, Hajiya kuma tana waya tana cewa, "Mun iso, gobe in sha Allahu muna tafe."

Gwaten ya yi daɗi, na ji a bakina, amma ba wanda ya kula. Sun zazzage buhuna a tsakar falo suna ware na wane da na wance. Maƙwabciyata ta leƙo ta yi musu sannu da zuwa, ta ga daddawa da kuka da ƙuli-ƙuli a shimfiɗe, ta ce, "Sista, kasuwa kika buɗe ba ki gaya mini ba?" Kowa ya yi dariya, ni ma na yi. Na ce a raina ba komai, gidaje nawa ne, mu miƙa a ƙofa mu wuce.

Ba a miƙa saƙo a ƙofa. Wannan ma na sani, na dai yi wa kaina ƙarya ne.

Asabar muka fara da turmi, don shi ne ya fi damuna, duk birkin da na taka sai ya gangaro ya daki bayan kujera. Na wata amarya ne a Unguwar Boro, mijinta yana aiki wajen matatar mai. Kwatancen da uwarta ta bayar shi ne gida mai baƙin get kusa da mai gyaran mota. Muka wuce Sabon Tasha ana ta cunkoso, masu keke suna shiga ta ko'ina, muka shiga unguwar muka tarar kowane layi da mai gyaran motarsa, kowane gida da baƙin get. Na tsaya gaban wani makaniki Inyamuri na tambaye shi gidan amarya 'yar Gusau. Ya goge hannu ya ce, "Madam, amarya ya yi yawa a nan. Wane kala?" Wayar amaryar kuma a kashe. Mai masar Nasarawa tana tashi kafin rana ta yi zafi, na duba sama na san mun rasa ta.

Da muka samu gidan, yarinyar ta ga mutanen garinsu ta fashe da kuka. Wa zai miƙa turmi ya juya a haka? Muka shiga. Ina gajiya, ya hanya, ya Inna, ya jikin Baba, wance ta haihu kuwa, wane ya dawo daga Umara. Aka kawo ruwa, aka kawo lemo, na ji ana kunna risho a kicin. Na ce mata kada ta wahalar da kanta, sauri muke. Hajiya ta taka mini ƙafa. Muka ci taliya da manja. Da za mu fita, amarya ta ɗauko leda mai nauyi ta ce a kai wa Innarta, sabulu ne da turmin atamfa da kuma tsohuwar fankar da ba ta amfani da ita.

A nan na gane lissafina ya rushe. Kowane gida muka sauke kaya sai ya ɗora mana wasu. But ɗin motata bai taɓa raguwa ba, kayan cikinsa ne kawai suke canzawa.

Daga Unguwar Boro muka sake haye kogi zuwa Kabala da zabi. Hanyar ta bi ta ƙofar lambun da na so kai su. Na rage gudu na ce, "Ga wurin kadojin nan, mu shiga ko na ɗan lokaci ne, akwai inuwa a bakin ruwa."

"Zabin nan za su mutu da zafi," in ji Hajiya. "In muka kai mushe me za mu ce?"

Ƙanwar mijinta ta leƙa ta gilashi ta ce ita ba ta ga abin kallo a kada ba, ƙadangare ne da ya yi girma. Malama ta dube ni ta madubi. Iyakar kallon da suka yi wa lambun ke nan, katanga da mai sayar da rake a bakin ƙofa. Gidan tarihi kuwa da yatsa na nuna musu shi muna wucewa.

A Kabala shinkafa da wake. A Tudun Wada, wani gidan daban, tuwon masara miyar kuɓewa, kuma tsohuwar gidan ta rantse ba mu fita sai mun taɓa. A Rigasa mai kwalin ya tashi daga gidan da aka kwatanta, muka bi shi wani lungu da ruwan sama ya cinye hanyarsa, ƙasan motata yana gurzar ƙasa ina jin abin har cikin haƙorana. Can ma dambu. Ni da na gayyato mutane in ciyar da su, na wuni ina cin abincin gidajen da ban san masu su ba, ina murmushi ina cewa Allah ya amfana.

Ga ciwo. Mai irin lalurata ba ta son dogon zama, marata ta ɗaure kamar an sa dutse, bayana yana sara. Kowane gida muka shiga sai na nemi bayi, in tsaya a ciki in dafa bango in huta, in fito ina gyara mayafi kamar ba komai. A mota kuwa matar nan tana gefena, gwiwarta tana taɓa giya, tana ba ni labarin wadda mijinta ya saka da wadda aka ga ɗanta yana shaye-shaye. Duk sunan da ta kira sai in ji kamar sunana ne a bakinta, a ƙofar gidan mahaifiyata. Na haɗiye maganata na riƙe sitiyari.

Haushin Hajiya na fi ji, don ita na fi sa rai a kanta. Tun muna makaranta haka take, ta ɗauki nauyin duniya duka a ka, wanda ke kusa da ita kuma ya jira. Ta tuna sunan jikar kowa, ta tuna wa ke ciwon ƙafa a wane gida, ga ni a gabanta na rame har zobena yana zamewa amma ko sau ɗaya ba ta ce, ke lafiyarki kuwa. Malama ma na ji haushinta. Shirun nan nata da nake yabo shekara da shekaru, ranar ji na yi kamar in girgiza ta.

Rana ta kusa faɗuwa muka biyo titin baifas muka dawo ɓangarenmu. Na ce Barnawa za mu. Suka ce wallahi ba wurin da za su sa kifi, ciki ya cika. Na ce ko kallonsa ne sai sun yi, na juya kan mota ban jira amsa ba. Muka zauna a rumfa, hadari yana haɗowa, hayaƙin gashi yana tashi da ƙamshin yaji da albasa. Aka kawo tarwaɗa babba, irin wadda na kwana biyu ina kwatanta musu a waya. Kowa ya tsinki gefe don kara. Sai Allah ya taimake ni, ƙanwar mijin Hajiya ta tashi ta ce za ta yi alwala.

Na gyara zama. Na ce, "Akwai maganar da nake so mu yi." Malama ta ajiye cokali. Wayar Hajiya ta yi ƙara, ta duba ta ce surukarta ce, ba a ƙin ɗauka. Ina zaune ina jin tsohuwa tana tambaya ko an kai man shanu Unguwar Dosa. Ba a kai ba, yana but, an manta da shi ƙarƙashin fanka. Hajiya ta yi ta ba da haƙuri, ta yi ta alkawarin gobe da sassafe. Kafin ta kashe, mai alwala ta dawo tana yarfe hannu, ta ce, "Wace magana ce? Ku ci gaba mana." Na ce kifin nake cewa a naɗe mana. Ruwa ya sauko, muka ruga mota da leda a hannu, yarana ne suka cinye shi.

Lahadi na tashi ba na son ganin kowa. Majami'un unguwa sun fara kiɗa, mutane suna wucewa cikin kwalliya, mu kuma muna ɗaure kayan da gidajen jiya suka ɗora mana. Muka bi ta gaban tsofaffin masaƙun Kakuri, wurin da mijina ya yi aiki kafin a rufe. Da na so in tsaya in nuna musu ƙofar da nake jiransa muna sabon aure. Ban ko rage gudu ba.

A Unguwar Dosa na tsaya a ƙofar gidan na kashe mota. Suka fita da galan ɗinsu. Ni ban motsa ba.

"Taso mana," in ji Hajiya.

"Ku je. Ina nan."

"Gidan yayar surukata ne fa."

"Na ji. Ku gaishe ta."

Ta tsaya tana kallona, sannan ta juya suka shige. Na san abin da na yi. Mace da girmanta ta zo ƙofar gidan tsohuwa ta ƙi shiga gaisuwa, wannan labari zai riga su isa Gusau. Aka aiko a ce in shigo, na ce a ce ina waya. Na zauna zufa tana bin bayana, ina kallon wata akuya tana cin kwali.

Hajiya da Malama suka fito su biyu, ɗayar ta tsaya a ciki ana nuna mata kayan ɗakin wata amarya. Hajiya ta shiga gaba ta ja ƙofa da ƙarfi.

"Kin ba ni kunya. Tun jiya kike cika kina batsewa. In mun dame ki ne ki faɗa, ba sai kin wulaƙanta tsohuwa ba. Kada da kifi ne abin fushi? Zaman Kaduna ya canza ki, wallahi."

Duk kalaman da na tanada masu taushi, waɗanda na yi ta maimaitawa ina wanke-wanke, babu ɗaya da ya zo mini. Abin da ya fito shi ne, "Aiki za a yi mini cikin makon nan. Mahaifa za a cire. Ba ni da mai jinya, shi ya sa na kira ku. Kada ya ci uwar kada. Sa'a ɗaya na nema a wurinku, kun ba turmi, kun ba zabi, kun ba fanka, ni ban samu ba."

Hajiya ta juyo ta dube ni. Malama ce ta yi magana daga kujerar baya, a hankali.

"Mun gani tun a tasha. Mun ga ramarki, mun ga yadda kike dafa mara. Muka yi shawara, muka ce in kina so mu sani za ki faɗa, kada mu tone ki gaban mutane. Jiya da kika fara na ce Alhamdulillahi, sai wayar nan."

"To da kuka gani, me ya hana ku ajiye man shanun mutane ku ja ni ɗaki?"

"Ke me ya hana ki ja mu?" in ji Hajiya. "Gidanki ne. Kika bar mu muna yawo da daddawa kina tuƙa mu da ciwo. Ni fa cewa na yi ko ba ki son zama da mu ne, shi ya sa na yi ta cika mana rana da gidaje."

Wannan ya ƙara mini haushi, don akwai gaskiya a ciki. Mu uku, mata masu furfura a gaban goshi, mun kwana biyu muna yi wa juna kawaici, kowa yana jiran wani ya fara. Na buɗe baki in ce Innata kada ta ji, na kai rabi ke nan sai ga matar ta fito tana gyara ɗankwali. Hajiya ta goge ido da bakin mayafi ta koma baya ta bar mata kujera. Ba a ce za a zo jinyar ba, ba a ce ba za a zo ba. Ko ranar aikin ban samu na faɗa ba.

Daga nan zuwa Kawo ba nisa, amma na ji tsawonsa. Matar tana ta yaba gadon da ta gani, tana tambaya me ya same mu muka yi tsit. Malama ta ce gajiya ce. A tasha motar Gusau saura mutum uku, kamar su ake jira. Aka yi ta ɗaure kaya, ana rigima da kwandasta a kan fanka. Na tsaya gefe hannuna a naɗe. Na riga na fara tunanin wa zan roƙa a unguwa, da yadda zan iya kallon idon maƙwabciyata in ce ta rufe shagonta saboda ni.

Suka shiga, Hajiya a bakin taga, ƙanwar mijinta a gefenta ta kasa kunne. Direba ya tayar da mota. Sai Hajiya ta leƙo da kai, ta ɗaga murya irin yadda take yi a kasuwa.

"Af, na manta. Mai leshin nan na Kaduna da zan dawo in karɓi kaya a wurinsa, wace rana ma ya ce in zo?"

Babu wani mai leshi. Na dube ta, ta tsare ni da ido ba ta ƙifta ba.

"Laraba da safe," na ce. "Amma gara ki iso tun Talata."

"To, Talata. Kayan da yawa, zan kwana biyu kafin in gama dubawa. Malama ma za ta biyo ni in an tashi makaranta Juma'a."

"Wane mai leshi ne?" in ji ƙanwar mijinta. "Ni ma ina son na biki."

"Ba ya sayar da ɗai-ɗai," in ji Hajiya, ta ja gilashi.

Mota ta fita. Na koma tawa na zauna, warin daddawa da kashin zabi ya cika ta. Har lokacin raina a ɓace yake, ban kuma fasa jin haushinsu ba. Na kifa kai a kan sitiyari na yi kukan da ban yi ba tun ranar da likita ya gaya mini, har sai da wani mai keke ya buga mini gilashi ya ce in gyara, na tare hanya.